Sa Ranar Kallon Taurari a Makarantun Kura da Bunkure

Tsakanin ɗaukewar ruwan sama da saukar ƙurar hunturu akwai wasu 'yan makonni da sararin samaniyar ƙasar Kano ke washewa tangaran. Daga tsakiyar Oktoba ke nan zuwa ƙarshen Nuwamba, wata shekarar har abin ya ɗan taɓa Disamba. Damina ta wanke iska, hadari ya koma kudu, hazo bai ƙaraso ba. Duk wanda ya fita bayan sallar isha'i ya tsaya a bayan garin Bunkure, ya juya wa hasken birnin Kano baya, ya fuskanci wajen Rano da Tiga, zai ga taurari birjik har ƙasa-ƙasa, inda sama ta sauka a kan gonakin shinkafa. A daidai lokacin kuma makarantu suna tsakiyar zangon farko, jarrabawa ba ta matso ba. Babu lokacin da ya kai wannan dacewa da a tara ɗalibai a filin makaranta a nuna musu abin da ke bisa kansu, amma a yawancin makarantunmu haka yake zuwa ya wuce kowace shekara, ba wanda ya ɗaga kai.

A darussan kimiyya na ƙaramar sakandare akwai batun rana da wata da duniyoyin da ke kewaya rana. Yaro kan haddace sunayen takwas ɗin a jere, ya zuba su a takardar jarrabawa, ya ci makinsa, alhali bai san biyar daga cikinsu ana ganinsu ƙuru-ƙuru daga tsakar gidansu ba, wato Uɗaridu da Zara da Mirrihi da Mushtari da Zuhal. Da an kawo shawarar a shirya wa yara daren kallon taurari, abin da shugaban makaranta zai fara tambaya shi ne ina za a samo madubin hangen nesa, kuma nawa yake. Tambayar tana kan hanya, sai dai akwai wadda ta riga ta. Madubi ana aro, ana haɗa kuɗi a saya, rabin aikin ma ana yin sa babu shi. Abin da ke kashe irin wannan taro shi ne sa rana da ka, ba lissafi. A tara yara ɗari biyu, a gayyato baƙi daga jami'a, sai a wayi gari hazo ya rufe, ko a tarar wata ya cika ya haske sama fayau, taurari sun ɓuya. Yaran da suka sha tsayuwa ba su ga komai ba da wuya su sake dawowa, iyayen da da ma da ƙyar suka ba da izini kuwa an gama da su ke nan.

Mutanen wannan yanki ba baƙin lissafin lokaci ba ne. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, rayuwar manomi a nan ta koma ta bin layi. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ta saki ruwa, ƙungiyar manoma ta raba, kowa ya san ranar da ruwa zai zo kansa, mai gona a can ƙarshen layi kuwa sau da yawa sai dare ya raba yake samun nasa. Tsara daren taurari ma tamkar rabon ruwan ne. Kalanda huɗu ake ɗorawa a kan juna, ta wata da ta yanayi da ta makaranta da ta gona, a nemi dararen da dukansu suka ba da hanya.

Ta wata ta fi sauƙi, domin tana rataye a bangon gida da na masallaci. Mai shirya irin wannan taro a Ingila sai ya buɗe waya kafin ya san yau wata kwana nawa. Bahaushe kuwa tun ranar da fadar Sarkin Musulmi ta sanar da tsayuwar wata yake riƙe da lissafinsa. Daga daren 5 zuwa na 9 ga watan Musulunci, wata yana sama tun magariba, wani ɓangarensa haske wani duhu, kuma ba ya faɗuwa sai dare ya yi nisa. Waɗannan su ne dararen kallon watan kansa. Daga 12 zuwa 16, lokacin da yara suka fi jin daɗin wasan dandali, mai madubi ba shi da kasuwa, domin hasken ya yi yawa ya dusashe ƙananan taurari, shi kansa watan ya zama fari fat babu inuwa, ba a rarrabe tudu da kwari. Bayan nan fitowarsa kan yi ta jinkiri da kusan minti 50 kowane dare, saboda haka daga 18 ko 19 har ƙarshen wata akan sami duhu sosai bayan isha'i. Makarantar da ke son ɗalibanta su more sai ta sa rana biyu a zango guda, ɗaya ta wata ɗaya ta duhu, kuma ta fara da ta wata.

A fara da wata ne domin shi ba ya ba da kunya. A daren 7, ko ƙaramin madubi aka saita a kan layin da haske ya haɗu da duhu, abin da ke ciki ya isa ya tsayar da mutum. Ramuka ne zagayayyu, manya da ƙanana, wani cikin wani, kowanne da inuwarsa baƙa ƙirin a gefe guda, saboda a can wurin rana ce ke ɓullowa, inuwa ta yi tsawo. A cikin ɓangaren duhu kuma sai a ga ɗigon haske shi kaɗai, ƙololuwar dutse ce da rana ta riga ta taɓa, gindinsa yana cikin dare. Yaro kan sunkuya, ya toshe ido ɗaya da tafin hannu, ya yi ta lalube, sai a ji ya ce, "Malam, ni ba na ganin komai." A ce masa ya ɗan ja baya, kada gashin idonsa ya taɓa gilashin, kada kuma ya kama madubin da hannu. Da ya dace da wurin ba sai an tambaye shi ba, salatin da zai saki ya isa shaida. Bayan minti ɗaya ko biyu kuma zai kai ƙara cewa watan yana gudu, yana ficewa daga madubi. Nan malami ya sami darasi a ɓagas, ya gaya masa ƙasar da muke tsaye a kanta ce ke juyawa. Nisan watan da mu kusan kilomita 384,000 ne, haskensa kuma cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai yake isowa.

Daren duhu tabarma yake bukata da haƙuri fiye da madubi. Ido kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, haska waya sau ɗaya kuwa ya isa ya mayar da hannun agogo baya, shi ya sa masu wannan harka kan ɗaure bakin tocila da jar leda, domin jan haske bai cika kashe ido ba. A Nuwamba Kaza da 'ya'yanta kan fito daga gabas da faɗuwar rana. Mai kaifin ido zai ƙirga shida ko bakwai, a madubi mai ido biyu irin wanda ake rataya a wuya kuwa sai su zama gommai. Hasken da ke shiga idon yaron ya baro can fiye da shekara 400 da suka wuce, wato kusan shekara 200 kafin jihadin Shehu Usmanu. Can sama ta wajen arewa akwai wani ɗan dusu-dusu da ake kira Andromeda, tarin taurari ne dabam da namu, haskensa ya yi shekara miliyan biyu da rabi a hanya. Tauraron arewa kuma, wanda ba ya barin wurinsa, yana ƙasa-ƙasa. Idan yaro ya miƙe hannu ya dunƙule, zai tarar tsayinsa daga ƙasa ya ɗan haura dunƙule guda, kusan digiri 12, kuma wannan shi ne daidai nisan Kura daga layin tsakiyar duniya, lambar da malamin labarin ƙasa ke rubutawa a allo.

A irin wannan dare bai kamata malamin kimiyya ya riƙe magana shi kaɗai ba. Da wuya a rasa dattijon manomi a gari wanda ya san cewa idan Kaza ta daina ganuwa a yamma da magariba, a ƙarshen bazara, to damina ta ƙarato. Da wuya kuma a rasa malamin zaure da ya san manzilolin wata 28, kowace da kwana 13, ɗaya da 14, su cika 365, da sunayensu irin su Surayya da Dabaran da Jabha da Sarfa. Ilimin nan ya daɗe a ƙasar Hausa har ya shiga waƙoƙin ajami, waɗanda Mervyn Hiskett, Baturen da ya koyar a Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, ya yi rubutu a kansu a 1967. Tun kafin nan da nisa, Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar littattafai kan lissafi da taurari. Dattijo ya nuna Zara, malamin kimiyya ya ɗora da cewa ita da Gamzakin asuba abu guda ne, duniya ce mai kusan girman tamu, takan yi wata takwas ko tara a yamma, ta ɓace, ta ɓullo a gabas. Gayyato liman ko malamin gari yana da wani amfanin kuma. Akwai iyayen da da sun ji an ce taurari, duba da bokanci ne ke zuwa musu a rai. Takardar da za a aika gida sai ta faɗa ƙarara cewa ilimin falaki ne, wanda da shi ake sanin lokutan salla da alƙibla da tsayuwar wata.

Sai ranar mako da sa'a. Yawancin islamiyyu da makarantun dare suna hutun Alhamis da Juma'a, don haka ranar Alhamis da daddare, wato daren Juma'a, ita ta fi ba da fili. Asabar da Lahadi na biki ne, ranar kasuwar gari kuma a kauce mata. A Nuwamba rana kan faɗi wajen ƙarfe 6, duhu kuma a ƙasarmu ba ya jan jiki, cikin awa ɗaya da kwata ya kankama, daidai lokacin isha'i. Daga ƙarfe 7:30 zuwa 9 ya wadatar. Daren wata ma ba sai an jira duhu ba, ana iya farawa da idar da magariba a tashi kafin isha'i, wanda hakan ya fi dacewa da 'yan firamare. Kada a manta lokacin girbin shinkafa ne, ana shirin shukar alkama da dashen tumatir, yara da yawa daga makaranta gona suke wucewa, wanda ya yini yana ɗaurin dami ba zai iya tsayuwar awa uku ba. Hayaƙin tattaka da ake ƙonawa a gonaki da na ɓuntun shinkafa a bakin injina shi ma yakan kwanta ƙasa da yamma, saboda haka a dubi inda iska ke kaɗawa kafin a zaɓi gefen fili.

Daga Disamba lissafi ya canza. Ƙurar hunturu yawancinta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta ta juye mana. Zuwa take yi kashi-kashi. Kwana uku ko huɗu gari ya yi fari har jirage su kasa sauka a filin Malam Aminu Kano, sannan ta lafa, sama ta buɗe. Ba mai iya faɗa tun wata guda kafin lokaci wane dare ne zai yi kyau, don haka duk ranar da aka sa a wannan tsakani sai a haɗa ta da ta ko-ta-kwana a mako mai zuwa, a rubuta duka biyun a takardar iyaye. A saurari hasashen hukumar NiMet, a kuma yanke shawara da la'asar: idan ba a hango itatuwan da ke ƙetaren gonaki, a ɗage tun yara ba su tashi daga makaranta ba. Hazo mara kauri ba ya hana ganin wata da Mushtari. Daren da ya washe kuwa hunturu yakan biya mai haƙuri, domin lokacin ne taurari ukun nan na Jauza'u da ke jere suke tsakiyar sama, ga Shi'ira, wadda ta fi kowace tauraruwa haske, wadda aka ambata a Suratun Najmi, ga Suhailu can kudu, wanda mutumin Landan ba ya taɓa ganinsa daga gida. Madubi dai a rufe shi da zarar an gama, kada a goge gilashinsa da bakin riga, ƙurar takan karce shi.

Watan azumi a cire shi gaba ɗaya, asham da tafsiri sun cika darensa. A 2026 ya faɗo tsakanin Fabrairu da Maris, kuma yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. A Mayu, bayan ruwan farko ya kwantar da ƙura, akan sami darare masu kyau, ana ganin taurari huɗun kudu masu siffar gicciye da Alfa Sentori, maƙwabciyar ranarmu mafi kusa da ido ke gani, amma 'yan ajin ƙarshe suna fama da WAEC, sai dai a yi da ƙananan azuzuwa. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa gajimare da sauro da dogon hutu sun raba dararen a tsakaninsu.

Duniyoyi ba sa bin kalandar shekara, kowace da tafiyarta. Mushtari kan zo daidai kallo duk bayan wata 13, a 2026 ranar 10 ga Janairu ke nan, Zuhal kuma 4 ga Oktoba, kowannensu yakan ci gaba da kyau da daddare har wata uku ko huɗu bayan haka. Manhajar Stellarium, wadda kyauta ce a waya da kwamfuta, tana nuna yadda sama za ta kasance a kowane dare, sai malami ya duba kafin ya yi alkawari. Zoben Zuhal shi ne abin da yara ba sa mantawa. Mushtari kuma yana da watanni huɗu manya da Galileo ya fara gani a Janairun 1610, suna jere a gefensa, kullum suna sauya wuri. A makarantar kwana ana iya sa ɗalibai su zana su dare uku a jere, su gano da kansu cewa kewaya shi suke yi.

Akwai dare guda da ya cancanci a yi masa tanadi na musamman, daren 13 zuwa 14 ga Disamba. Kowace shekara a wannan lokaci duniya kan ratsa ta cikin ɓurɓushin wani dutse mai kewaya rana, ɓurɓushin ya riƙa shigowa iskarmu yana ƙonewa a tsayin kilomita 80 zuwa 100, a ga taurari suna ta gilmawa. Sauran irinsa sai bayan tsakar dare suke kankama, wannan kuwa tun wajen ƙarfe 9 yake farawa, a 2026 kuma ya faɗo farkon Rajab, wata siriri ne ba zai dame shi ba. Tambayar da yara ba sa fasa yi ita ce ko abin yana faɗowa ƙasa. Amsar tana nan kusa da gida. Ranar 3 ga Oktoban 1962, a Zagami ta lardin Katsina, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa sai dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake. Bincike ya tabbatar daga duniyar Mirrihi ya fito, yau gutsattsarinsa suna ɗakunan bincike da gidajen tarihi na ƙasashe da dama. Wani ɗan'uwansa da aka tsinta a yankin Agadas a 2023, an yi gwanjonsa a New York a Yulin 2025 a kan fiye da dala miliyan 5, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar.

Duk wannan lissafi ba ya aiki sai iyaye sun yarda. Tun bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021, lokacin da gwamnatin Kano ma ta rufe wasu makarantun kwana na bayan gari, babu uban da zai ji an ce ɗansa ya koma makaranta da dare hankalinsa bai tashi ba. Tsoron nan na gaskiya ne, ba abin rainawa ba. A kai takarda ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a je a gai da dagaci, a sanar da baturen 'yan sanda da 'yan sintiri. Kada a baza rana da wuri a Facebook, a isar da saƙo ta ƙungiyar iyaye da malamai. A taƙaita ga yaran garin da za su iya komawa gida a ƙafa tare da uba ko yaya. Batun 'yan mata kuwa, a ganin mai wannan rubutu, shi ne ma'aunin shirin gaba ɗaya. Idan aka sa lokacin da ba za a bar su su fito ba, to rabin makaranta aka yi wa. A ba su daren wata na bayan magariba, ko layinsu dabam a hannun malamai mata, a kuma gayyaci uwaye su zo su leƙa da idonsu.

Bakin kanal yana da jan hankali, ga duhu ga sarari, amma ruwa da duhu da yara ba sa haɗuwa. Ga kububuwa a kunyoyin gona, ga sauron fadamar shinkafa. Filin makaranta da aka share tun da rana ya fi, kowa da rufaffen takalmi da riga mai dogon hannu. Maƙwabcin da ke da janareta ko fitilar sola mai haske filin, a roƙe shi tun da wuri ya kashe ko ya rufe na awa guda, a kuma ce ya zo da iyalinsa.

Madubi ɗaya ido ɗaya yake ɗauka. Idan kowane yaro zai yi minti guda, aji mai mutum 60 ya cinye awa cur a kan abu ɗaya tak. Dabarar ita ce a kasa su uku, kashi ɗaya a layin madubi, ɗaya a tabarma wajen dattijo, ɗaya suna zana abin da suka gani a ƙarƙashin jar tocila, a riƙa juyawa. Malami guda ba shi da aiki sai sake saita madubin, a kuma aje kujera 'yar tsugunno don gajeru.

Madubin kansa ba sai kowace makaranta ta mallaka ba. A Kenya, Susan Murabana da abokan aikinta sun yi shekaru suna yawo da madubi daga makaranta zuwa makaranta. A nan gida, reshen Najeriya na ƙungiyar Astronomers Without Borders, ƙarƙashin Olayinka Fagbemiro, ya kai madubai makarantu har da sansanonin 'yan gudun hijira. Hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, tana da cibiyar nazarin taurari a Nsukka. Ƙofofin da suka fi kusa da za a ƙwanƙwasa kuwa su ne sassan kimiyya na Jami'ar Bayero da Jami'ar Aliko Dangote ta Wudil, da kwalejin horon malamai ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso a kan titin Zariya, da makarantar kimiyya ta Dawakin Kudu, wadda ke nan tun 1977. Sai dai idan aka cire makon cikar wata, Alhamis huɗu ko biyar ne kawai suka rage tsakanin tsakiyar Oktoba da ƙarshen Nuwamba. Makarantun Kura da Bunkure da Garun Malam da ke son raba madubi guda dole su zauna tun Satumba su kasa dararen. Makon sararin samaniya na duniya, 4 zuwa 10 ga Oktoba, ya dace da horar da malaman da za su riƙe shi.

Makarantar da dare ya gagare ta ma tana da rabonta da rana. Daga 19 zuwa 23 ga wata, watan yana nan a yamma lokacin taron safe, ana iya saita madubi a kansa kafin shiga aji. Wajen 21 ga Afrilu, da misalin ƙarfe 12:25, rana kan tsaya daidai bisa kan Kura, sandar da aka kafa tsaye ta rasa inuwa. Ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe, da 15 ko 16 ga Yuli da 10:27, rana tana bisa Ka'aba, inuwar kowace sanda a Bunkure tana kwance a kan layin alƙibla, ɗalibai za su iya auna masallacin makarantarsu da zare da alli. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: ba a juya madubi wajen rana, daƙiƙa guda ta isa ta ƙone ido.

Masu shekaru sun tuna Larabar 29 ga Maris ɗin 2006, lokacin da wata ya rufe rana ruf da hantsi a Gusau da Katsina, a Kano ma gari ya dusashe. Za a sake ganin cikakken husufi a Najeriya ranar 20 ga Maris ɗin 2034, daga wajen Legas ya ratsa ƙasar ya fita ta Kamaru zuwa Chadi. Kafin nan akwai na Litinin 2 ga Agustan 2027, wanda zai rufe rana gaba ɗaya a Luksor da Jidda da Makka, a Kano kuma a ga ya ci wani ɓangarenta da hantsi. Wannan ya faɗo tsakiyar damina, kuma bakin dogon hutu, don haka kafin a rufe zango na uku ya kamata a raba wa yara tabarau na musamman na kallon husufi, a koya musu huda kwali da allura su kalli hoton ranar a ƙasa, a kuma gaya musu tabarau na kwalliya da gilashin da aka turara da hayaƙi ba sa kare ido.